Kyamarar Tough TG-7 a ruwan Sakkwato: ko hotonta na isa a gane ƙananan halittun ruwa?

Masu nutso a teku don ɗaukar hoton ƙananan halittu, irin waɗanda ke tururuwa zuwa Lembeh ta Indunusiya da Anilao ta Filifin, sun daɗe suna yabon wata ƙaramar kyamara mai suna Tough. Kamfanin Olympus ne ya fara ƙera ta. Samfurin TG-6 ya fito a 2019. A 2021 sashen kyamarorin kamfanin ya koma hannun OM Digital Solutions, sannan aka fito da TG-7 a 2023, da tambarin OM System. Mu nan Sakkwato ba mu da teku. Muna da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, da dam ɗin Goronyo da na Shagari, da tafkin Kware, da kududdufan fadama da damina ke cikawa. Amma buƙatar mai nutso a teku da ta ɗalibin nazarin halittu da ke tsugune a bakin ruwan Kwalkwalawa iri ɗaya ce: hoton da za a duba a ce wannan halitta kaza ce, ba a yi ta cika baki da "kila" ba.

A kan wannan ma'auni muka ɗora kyamarar, kuma hukuncinmu shi ne ta cancanci kuɗinta ga mai wannan aiki. Sai dai ba ta hanyar da tallarta ke nunawa ake cin moriyarta a ruwanmu ba, kuma akwai wurare biyu ko uku da lambobin da ke jikinta ke ruɗin mai saye.

Jikin nata dai ƙarami ne, nauyinsa wajen giram 250 har da batir. Tana shiga ruwa zurfin mita 15 ba tare da wani akwati ba, tana jure faɗuwa daga mita 2.1. Hotonta megafiksel 12 ne, wato ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsawo. Wayoyi da yawa sun fi ta wannan lamba, kuma idan hoton biki ko na filin gona kake so, wayarka mai kyau za ta iya fin ta. Abin da ake saye a jikinta shi ne tsarin da ke da alamar madubin likita a kan maɓallin juyawa. A wannan tsari tana kama abu tas daga nisan santimita 1 da gilashinta, kuma ba ta hana ka jawo hoton har ƙarshe a wannan kusancin. Idan ka jawo har ƙarshe a santimita 1, faɗin abin da ke cika hoton bai fi kusan milimita 5 ba. Tsutsar sauro guda ta isa ta cika allon, har ka ƙirga gasun da ke gefenta. Akwai kuma irin wannan tsari a cikin rukunin da ke da alamar kifi, wanda aka yi don cikin ruwa. Tana ajiye ɗanyen hoto, wanda ake iya gyara launinsa da haskensa daga baya ba tare da ya lalace ba, kuma wannan ne ya sa ta gaba da abokiyar gasarta Ricoh WG-6, wadda ke da fitilu shida kewaye da gilashi amma ba ta da ɗanyen hoto.

Inda lambobin ke ruɗi

Matsalar duk hoton kusa ita ce yankin da ke fitowa tas siriri ne ƙwarai. A iyakar kusanci bai kai milimita 1 ba: idon halittar ya fito, bayanta ya dushe. Wanda ya saba da manyan kyamarori zai ce a matse ƙofar haske, sai ya shiga tsarin A, inda mai ɗauka ke zaɓar girman ƙofar da kansa, ya ga lambobi uku idan an jawo hoto har ƙarshe, f/4.9 da f/6.3 da f/18, ya zaɓi ta ƙarshe. A nan ake yin asara. Ƙofar ba ta ƙara matsewa bayan f/6.3, wani duhun gilashi ne kawai ke shiga ya rage haske. Sakamakon shi ne zurfin bai ƙaru ba, amma kyamarar ta rage saurin ɗauka ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, hoto ya fito da rawa ko da tsakuwa-tsakuwa. A tsaya a f/6.3. ISO kuma a kulle shi tsakanin 100 da 400, domin ma'ajin haskenta, wato ɓangaren da ke karɓar hoton a ciki, ƙarami ne, wajen milimita 6 a faɗi da 4 da rabi a tsawo, ISO na wuce 800 ƙananan gasu da layukan kwanso sai su narke.

Hanyar samun zurfi ta gaskiya biyu ce. Ta farko, ka sa fuskar kyamarar ta yi daidai da tsawon jikin halittar, kada ka ɗauke ta daga kai zuwa wutsiya. Ta biyu, kyamarar tana da tsarin da ke ɗaukar hotuna 3 zuwa 10 a jere, kowanne da wurin da ya kama, ta haɗe su wuri guda. Wannan yana yin abin mamaki a kan kwanson da babu rai a ciki, idan kyamarar na kan ƙafarta. A kan abin da ke motsi kuwa ba ya aiki: ƙahon dodon koɗi guda sai ya fito uku, ko kyamarar ta ƙi haɗawa gaba ɗaya.

Sai haske. Filashar kyamarar tana sama da gilashi, can gefe, don haka a santimita 1 ko 2 jikin kyamarar ne ke yi wa abin inuwa. Kamfanin na sayar da zobba biyu da ake ɗaurawa a bakin gilashi, kuma mutane na rikita su. LG-1 yana rarraba hasken ƙaramar fitilar kyamarar, yana da kyau a kan tebur, amma ba a yi shi don cikin ruwa ba. FD-1 shi ne ke rarraba hasken filasha, shi ne kuma ke aiki a cikin ruwa. Mai wannan aiki FD-1 zai saya, kuma ya ɗauke shi a matsayin ɓangaren kuɗin kyamarar tun farko.

Ruwanmu ba na nutso ba ne

Daga Yuni zuwa Satumba ruwan Rima ja ne da laka, ba ka ganin tafin hannunka a cikinsa. Ko da hunturu, da ruwa ke kwantawa, akwai ƙurar laka da ke yawo, kuma filasha na haska kowace ƙwayarta ta fito farin ɗigo a hoto. Maganin wannan shi ne rage ruwan da ke tsakanin gilashi da abin, wato a matsa kusa sosai, a kuma kawo haske daga gefe da ƙaramar tocila maimakon daga gaba.

Dalili mafi girma na ƙin shiga ruwan shi ne tsargiya. Ƙwayoyin cutar na fitowa daga jikin dodon koɗi su huda lafiyayyar fata, kuma irin da ke jawo fitsarin jini sun fi yawa a ruwa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da mai hoto ke son hasken rana. Duk wanda zai yi wannan aiki ya sa dogon takalmin roba da safar hannu mai kai wa gwiwar hannu, kada ya ce ai minti biyu ne kawai.

Saboda haka mafi yawan hotunan da ke da amfani a nan a cikin roba ake ɗaukar su. A ɗebo ruwan wurin a bokiti, a tace da ƙyalle mai laushi, a bari ya kwanta. A zuba shi a farar roba mai faɗi, zurfin santimita 3 zuwa 4. A kamo halittun da rariya daga ƙarƙashin ganyen bado da saiwar kainuwa da jikin karan da ya jiƙa, a ɗauke su da burushin fenti mai laushi ko cokalin roba. A nan ne rashin tsoron ruwa na kyamarar ke biyan kuɗinsa: kana tsoma bakin gilashin cikin ruwan robar, ƙyallin saman ruwa da ke ɓata hoton waya ya ɓace ɗungurungum. A duba kada kumfar iska ta maƙale a gilashin, domin ita ce sanadin yawancin hotunan da suka ƙi kamawa; a karkata kyamarar yayin tsomawa ta fice. Halittu masu jiki garau, irin su jatan lande ƙanana da ƙuman ruwa, ba sa fitowa a kan fari. Su baƙar roba ake sa musu, a haska daga gefe. A yi aikin a inuwa, domin ruwa kaɗan a ranar Sakkwato yana ɗumama cikin mintoci, halittun su mace ko su dunƙule su ɓoye gaɓoɓin da ake nema. In an gama a mayar da su inda aka kamo su.

Kada a manta da rula. Ruwa na ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya bisa uku idan ana kallonsa ta shimfiɗaɗɗen gilashi, ido kuma ba ya auna milimita daidai. A yanko guntun rular roba a kwantar da shi a gindin robar, ya fito a hoto ɗaya aƙalla, kusa da halittar kuma a tsayi ɗaya da ita.

Dodon koɗi: hoton da ke raba gardama

A nan muka fi son a tsaya, domin a nan kuskuren suna ke da nauyi. Ɗalibi ko ma'aikacin lafiya da ya ce ya ga dodon koɗin tsargiya a tafkin wani ƙauye ya faɗi babbar magana, kuma mafi yawan hotunan da ake turowa don a tabbatar na bayan kwanso ne, wanda kusan ba ya faɗin komai.

Hoton farko da ake buƙata shi ne na baki. A riƙe kwanson tsininsa a sama, bakinsa na kallon kyamara. Idan bakin ya faɗo hannun hagunka, kwanson bahago ne. Idan dama, na dama ne. Bulinus, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara, bahago ne, ba shi da murfi a baki, kuma bai cika wuce santimita 2 ba. Lymnaea natalensis, mai ɗauke da tsutsar hantar shanu da tumaki, na dama ne, bakinsa wangameme, ƙahonninsa faffaɗa masu kusurwa uku. Biomphalaria, mai tsargiyar hanji, ba shi da tsini sam, a naɗe yake a kwance kamar gammo, don haka shi hoto uku yake so: sama, ƙasa, da gefen baki. Melanoides dogo ne siriri mai hawa da yawa, da murfi. Pila da Lanistes manya ne masu murfi, kuma Lanistes yana bayyana bahago, shi ya sa ƙananansa ke ruɗin sabon shiga. Murfin ne ke fitar da shi daga zargi, saboda haka a ɗauki hoton bakin da dabbar a ciki ta ja jiki.

Wanda ya fi kowa rikita mutane shi ne Physa, domin shi ma bahago ne, ba murfi, girmansu ɗaya da Bulinus. A nan TG-7 ta fi nuna kanta, domin bambancin a jikin mai rai yake. Physa kwansonsa sumul ne mai sheƙi, tsininsa mai kaifi, ƙafarsa na ƙarewa da tsini a baya, kuma gefen naman jikinsa na da 'yan yatsu da ke lanƙwasowa kan kwanso. Bulinus ƙafarsa ta fi dakushewa a baya, jininsa ja ne, wanda kan sa naman ya yi jaja-jaja idan haske ya ratsa shi. Don ganin waɗannan sai a bar dabbar ta saki jiki ta fara tafiya a gindin roba, a ɗauka daga sama da gefe. In ana so a ga ƙafar sosai, a sa ta a kofin gilashi a ɗauka ta waje yayin da take hawa bango. A jikin ginshiƙin da ke cikin bakin kwanson ma akwai alama: na Bulinus globosus yana da ɗan yanke a ƙasa, wanda na Bulinus truncatus ba shi da shi. Wannan sai hasken gefe yake fitowa, hasken gaba yana shafe shi.

Abu biyu a kiyaye. Kyamarar gaba ta waya da wasu manhajojin gyaran hoto suna juya hoto, hagu ya koma dama, kuma da wannan kaɗai Lymnaea zai zama Bulinus. Rular da ke cikin hoton na kare ka, tunda lambobinta za su fito a juye. Na biyu, hoto ba ya nuna ko dodon koɗin na ɗauke da cuta. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, inda ake sa shi a ɗan ruwa ƙarƙashin haske a duba ko ƙwayoyin za su fito.

'Ya'yan ƙwari sun fi sauƙi, muddin wutsiya ta fito a hoto. Tsutsar sauron Anopheles na kwanciya a miƙe a ƙarƙashin fatar ruwa, ba ta da bututun numfashi; ta Culex na reto da kai ƙasa, da dogon bututu. Wannan hoton daga gefe ake ɗaukarsa, ta jikin gilashi, kafin a girgiza ruwan. Ɗan babban mazari kakkaura ne da gajerun tsinaye a baya, ɗan siririn mazari yana da faffaɗan gaɓoɓin numfashi uku a wutsiya. Abin da bai kai milimita 1 ba, irin ƙananan Cyclops da a da ke yaɗa kurkunu kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da cutar a 2013, kyamarar za ta nuna maka siffarsa da jakunkunan ƙwansa biyu, amma daga nan sai madubin ɗakin gwaji.

Ga wanda zai kai ta teku

Bahar Maliya ta gefen Jidda da Yanbu ruwan teku ne garau da mutanenmu kan je kusa da shi. Can ƙa'idar ba ta canza ba, gaɓoɓin da ake nema ne suka canza. Dodon koɗin teku marar kwanso, wanda aka san fiye da nau'i 3000 nasa, ana fara raba shi da abu biyu: ƙahonni biyu na shaƙar ƙamshi a ka, da abin da ke bayansa. Wasu tuntun gaɓoɓin numfashi ne a kewaye wuri guda kusa da wutsiya, wasu kuma 'yan yatsu ne jere a duk bayansu. Inuwar kyamara ko motsin ruwa na sa su janye waɗannan, don haka a dakata su sake fitowa kafin a danna. Shimfiɗaɗɗiyar tsutsar teku na kama da su a launi, amma ita siririya ce ƙwarai, ba ta da tuntun baya. A ɗauki hoto guda daga ɗan nesa da zai nuna abin da halittar ke kai, soson teku ne ko murjani ko wata dabba, domin da yawansu abinci ɗaya suke ci, wasu jatan lande kuma a jikin dabba iri ɗaya kaɗai suke zama. Jan launi na ɓacewa tun daga zurfin wajen mita 5, don haka launin da za a dogara da shi shi ne na hoton filasha. Kada a taɓa komai, musamman kwanso mai siffar mazurari, wanda harbinsa na da dafi. Mai wuce mita 15 sai ya sayi akwatinta PT-059, mai kai mita 45. Bayan ruwan gishiri a jiƙa kyamarar a ruwan daɗi minti 10, ƙofofinta a kulle, ana danna maɓallanta.

Neman suna kuwa, iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu a intanet don a gano sunansu, ita ce wurin da ya fi amfani, ga na teku da na gulbi. A ɗora duk hotunan halitta ɗaya a shigarwa ɗaya, da kwanan wata da wuri. Sunan da na'urar ke ba da shawara a karon farko a ɗauke shi da taka-tsantsan, domin hotunan da ta koya da su sun fi yawa daga Amurka da Turai, kuma dodon koɗinmu bahago tana iya kiran sa Physa kai tsaye. Gara a sa sunan babban rukuni a jira masana. Shigarwa ba ta hawa matakin bincike sai fiye da kashi biyu bisa uku na masu dubawa sun yarda da suna ɗaya. Halittu da dama ba a kai wa ga ainihin nau'insu sai an feɗe ko an gwada ƙwayoyin gado, kuma tsayawa a sunan dangi a irin wannan hali shi ne daidai. Idan za a tura wa malami ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar na matse hoton ta goge kwanan wata da wurin da ke cikinsa.

Kyamarar na da GPS da ma'aunin zafi da na zurfi, abin da ke rage wa mai bincike rubutu. GPS ɗin ba ya kamawa a cikin ruwa, sai a bari ya kama a tudu tukuna, kuma barin makunnin LOG, mai ajiye waɗannan bayanai, a kunne na shanye batir ko kyamarar na kashe. Batirin LI-92B ne, yana ba da hoto 300 da 'yan kai a gwajin kamfani, ƙasa da haka in ana yawan filasha. A sayi na biyu.

Rauninta mafi girma a Sakkwato yanayi ne. Kamfanin ya ƙayyade aikinta zuwa digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce haka a inuwa. Barin ta a cikin mota ko a kan dutse a rana na gajiyar da batir da robobin ƙofa, tsoma ta cikin ruwa mai sanyi tana da zafi kuma na sa hazo ya taru a cikin gilashi. A riƙa ajiye ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa. Ƙurar hunturu ta fi zafin haɗari: ƙofofi biyu gare ta, ta batir da ta caji, kowacce da makulli biyu da siririyar roba, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi a kan robar ya isa ruwa ya shiga. Kada a buɗe ƙofa a bakin gulbi ko da jiƙaƙƙen hannu. A canza batir a ɗaki, a duba robar da tocila kafin a rufe. Kamfanin na ba da shawarar a sauya robobin duk shekara, abin da ke da wuya ga wanda ke nesa da wurin gyaransu. Allon bayanta ma ba ya juyawa, ba a taɓa shi da yatsa, kuma da tsakar rana da ƙyar ake ganin ko hoto ya kama, don haka a riƙa faɗaɗa hoton a inuwa ana dubawa kafin a saki halittar.

TG-7 ta fito a kan dala 550 a Amurka, TG-6 kuma a kan 450, kuma a nan galibi sai an yi odarsu. Gilashinsu da ma'ajin haskensu ɗaya ne, hotonsu ɗaya ne. Babban bambancin da za ka ji a hannu shi ne TG-7 na caji da USB-C, irin wayar cajin yawancin wayoyin yanzu. Wanda ya sami TG-6 ta hannu mai lafiya ya saya, bayan ya duba robobin ƙofa ba su tsage ko sun bushe ba, babu tsatsa ko farin gishiri a ramin batir, babu tabon hazo a cikin gilashi. Wanda aikinsa busassun kwanso ne kawai a kan tebur, ƙaramin gilashin da ake maƙala wa waya ya ishe shi. Sashen koyarwa ko ofishin lafiya da ke bin tafkuna kuwa, kyamara ɗaya da FD-1 da batir biyu da farar roba da baƙa da guntun rula sun isa rukunin ɗalibai su yi aikin fili na zango guda.